Azaba ko Jarrabawa: Ƙungiyar TASO ta Yuganda da Haƙƙin Majinyaci

Tambayar ko cuta azaba ce da Allah yake saukar wa mai laifi, ko kuwa jarrabawa ce da take faɗa wa na kirki da na banza, tsohuwar tambaya ce wadda malaman addinai suka daɗe suna kai-kawo a kanta, sai dai a wannan zamani babu cutar da ta sake tayar da ita da ƙarfi kamar ƙanjamau. Azaba, a yadda malaman tauhidi suke amfani da kalmar, ita ce wahalar da take zuwa a matsayin sakayyar saɓo, jarrabawa kuwa, wadda ake kira ibtila'i da Larabci, ita ce wahalar da ake gwada haƙurin bawa da ita, ta kankare masa zunubi ko ta ɗaukaka darajarsa. A cikin littafi bambancin a fili yake, amma a bakin gadon majinyaci rama da zazzaɓi da gudawa kamanninsu ɗaya ne, ko da wane suna aka kira su. Malamin da yake karantarwa a zaure yana iya jinkirta hukunci har sai ya gama bincike, ƙungiyar agaji kuwa ba ta da wannan sarari, domin mara lafiya yana tsaye a ƙofarta, kuma abin da ta yi masa, ko ta ƙi yi masa, shi ne amsarta. Wannan ne ya sa tarihin TASO, ƙungiyar tallafa wa masu fama da ƙanjamau da aka kafa a Kampala ta ƙasar Yuganda a 1987, ya cancanci a karanta shi a matsayin hujja a cikin wannan muhawara.

Ƙwayar cutar da ake kira HIV tana shiga jiki ne ta jini, ko ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa, sannan ta riƙa cinye ƙwayoyin da suke kare jiki a hankali cikin shekaru, har garkuwar ta karye, tarin fuka da gudawa da sauran cututtuka su samu hanya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙanjamau, ko sida kamar yadda ake cewa a Nijar. Likitocin Amurka ne suka fara ba da rahoton cutar a 1981, aka gano ƙwayar a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris a 1983, amma tun 1982 mutane suka fara mutuwa da ita a Kasensero, wani ƙauyen masunta da fatake a gundumar Rakai ta wancan lokaci, a bakin Tafkin Victoria kusa da iyakar Tanzaniya. Mutanen yankin sun raɗa mata suna silim, daga kalmar Turanci mai nufin siririn mutum, saboda yadda take tsotse mai ita. Bayanin farko da ya bazu shi ne jifa ne, wato 'yan kasuwar da aka cuta a hada-hadar kan iyaka su ne suka yi wa macutansu asiri. Da aka gane cewa saduwa ce babbar hanyar yaɗuwarta sai bayanin ya sauya riga, laifin ya tashi daga cin amanar ciniki ya koma alfasha, amma ƙashin bayansa yana nan yadda yake, wato majinyaci shi ya jawo wa kansa.

Noerine Kaleeba ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, kuma ita ce shugabar makarantar koyar da wannan aiki a asibitin Mulago, babban asibitin ƙasar. A 1986 mijinta Christopher, wanda yake ƙaro karatu a birnin Hull na Ingila, ya kwanta rashin lafiya, gwaji ya nuna yana da ƙanjamau, kuma abin da aka fi rinjayarwa shi ne ya kamu ta ƙarin jinin da aka yi masa bayan wani hatsarin mota a 1983, lokacin da ba a fara tantance jini ba. Ta bayyana daga baya cewa ma'aikatan asibitin Ingila sun kula da shi cikin mutunci, amma da ta dawo da shi gida aka kwantar da shi a Mulago, inda ta yi shekaru tana aiki, sai abokan aikinta suka riƙa ja da baya, nauyin jinyar ya koma kan iyalinsa. Ya rasu a watan Janairun 1987. A cikin wannan shekara ita da wasu mutum 15, masu ɗauke da ƙwayar cutar da waɗanda suka yi jinyar nasu, suka fara haɗuwa suna jajanta wa juna, suna ziyartar majinyatan da aka yasar, kuma daga wannan zama ne TASO ta fito. A cikinsu akwai Dakta Elly Katabira, likitan da ya buɗe sashen duba masu ƙanjamau na farko a Mulago. Mafi yawan waɗanda suka kafa ƙungiyar cutar ce ta zama ajalinsu, abin da ya bambanta ta da irin agajin da mai lafiya yake miƙa wa mara lafiya daga nesa, domin a nan mai bayarwa da mai karɓa layi ɗaya suke, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A wancan lokaci babu maganin da yake danne ƙwayar cutar, saboda haka abin da ƙungiyar take da shi ɗan kaɗan ne a idon likita. Mai ba da shawara yakan zauna kusa da wanda aka gaya wa sakamakon gwajinsa, ya saurare shi har ya gama kuka, sannan ya bi da shi abubuwan da suka rage a hannunsa ɗaya bayan ɗaya: ya ci abinci mai gina jiki, ya yi saurin neman maganin tari da gudawa da ƙurajen baki, ya bar giya, ya kare abokin zamansa daga kamuwa, ya rubuta wasiyya, ya shirya wanda zai riƙe 'ya'yansa. A cibiyoyin ƙungiyar ana cin abinci tare, mai cutar da wanda ba ya da ita, kuma wannan ƙaramin aiki ya fi dogon jawabi tasiri a garin da ake ware wa majinyaci kwanonsa da kofinsa, alhali ƙwayar ba ta bin kwano, ba ta bin musabaha, sauro ma ba ya ɗaukarta. Sun kira wannan tafarki rayuwa cikin kyakkyawan fata, ma'ana mutum ya ɗauki kwanakin da suka rage masa a matsayin rayuwa, kada ya mayar da su zaman jiran kabari. Wanda ya san cewa a ƙasar Hausa an yi wa cutar laƙabi da kabari kusa zai gane girman abin da suka yi jayayya da shi.

Wajibi ne a yi wa masu cewa azaba ce adalci, domin maganarsu ba ta rasa madogara ba. Akwai hadisi a cikin Sunan na Ibn Majah da yake nuna cewa idan alfasha ta bayyana a cikin al'umma har aka daina ɓoye ta, annoba da cututtukan da magabata ba su sani ba za su yaɗu a cikinsu, kuma masu wa'azi da yawa sun ga ƙanjamau a cikin wannan gargaɗi. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, Malik Badri, ya wallafa littafi a 1997 inda ya danganta annobar da sakin ragamar sha'awa a ƙasashen Yamma, kuma ra'ayinsa ya samu karɓuwa a wurare da dama. Gaskiya ne kuma cewa yawan abokan saduwa yana ƙara haɗarin kamuwa, wanda ya musa wannan ya musa abin da likitoci suka tabbatar. Inda hujjar take yin tuntuɓe shi ne wajen haɗa abubuwa biyu da malaman tauhidi suka raba tun da daɗewa, wato sababi da hikima. Sababi shi ne hanyar da abu ya bi ya faru, wadda ɗan Adam yake iya ganowa da bincike, hikima kuwa ita ce nufin Allah da aukuwar abin ga wani bawa ayyananne, wadda ba a saninta sai da wahayi. Likita yana iya cewa ta nan ƙwayar ta shiga, amma babu malamin da yake iya cewa Allah ya nufi wane da azaba, domin faɗin haka da'awar sanin gaibu ne. Shi kansa hadisin na Ibn Majah al'umma yake yi wa magana a dunƙule, bai ba kowa izinin ya nuna mutum ɗaya da yatsa ba, kuma Suratul Anfal ta riga ta yi gargaɗi game da fitinar da ba ta tsayawa kan azzalumai su kaɗai.

Tarihin Musulunci na farko ya isa shaida a nan. Annobar Amwas da ta ɓarke a ƙasar Sham a shekara ta 18 bayan Hijira ta yi ajalin Abu Ubaida ɗan Jarrah, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da aljanna, da Mu'azu ɗan Jabal, da Shurahbil ɗan Hasana, kuma babu wanda ya ce azaba ce ta same su. Halifa Umar, da ya ji labarinta yana kan hanya, ya juya da jama'arsa daga Sarg, ya kuma bayyana cewa guje wa annoba shi ma yana cikin ƙaddarar Allah, wato riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba. Hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito ya nuna cewa annoba guda tana iya zama azaba ga wasu, rahama ga wasu, kuma abin da yake raba biyun shi ne halin zuciyar wanda ta sama, abin da mai kallo daga waje ba ya gani. Ibn Hajar al-Askalani, wanda annoba ta ɗauke masa 'ya'ya mata a Misira, ya rubuta littafi guda kan falalar da take tattare da mutuwa a cikinta. Ƙissar Annabi Ayuba, wadda Musulmi da Kirista suka yi tarayya a kanta, labari ne na bawan kirki da ya daɗe cikin ciwo, kuma a babi na tara na Bisharar Yohanna, da almajirai suka nemi sanin ko zunubin wani makaho ne ko na iyayensa ya jawo masa makanta, an amsa musu cewa ba ko ɗaya ba ne.

Sai dai akwai wani rami da masu kare majinyata su kansu suke yawan faɗawa. Idan aka ce ƙanjamau azaba ce, sukan yi saurin kawo misalin jaririn da ya sha a nono, da matar da mijinta ya kawo mata har ɗaki, da wanda aka ƙara wa gurɓataccen jini, su ce waɗannan me suka yi. Maganar gaskiya ce, amma tana ɗauke da wani sharaɗi a ɓoye, domin wanda ya nemi a tausaya wa wasu saboda ba su da laifi ya riga ya yarda cewa masu laifin ba su cancanci tausayi ba, ya kuma mayar da ɗakin jinya kotu, inda za a tambayi kowa yadda aka yi ya kamu kafin a ba shi ruwa. Christopher Kaleeba yana cikin waɗanda za a kira marasa laifi, amma hakan bai hana a ƙyamace shi ba, abin da yake nuna cewa ƙyama ba ta jiran a gama shari'a, tsoro ne yake fara zuwa, sannan a nemo masa dalilin addini daga baya. Matarsa tana da damar ta gina ƙungiyarta a kan tsarkin mijinta, ta ware irinsa daga sauran, amma TASO ba ta sa hanyar kamuwa ta zama sharaɗin karɓar kowa ba. A ma'aunin fiƙihu wannan shi ne matsayi mafi ƙarfi. Hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, inda Allah yake tuhumar bawa ranar alƙiyama kan ƙin zuwa dubiyar mara lafiya, bai gindaya sharaɗin sanin dalilin ciwon ba. Mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya la'ance shi an hana, aka kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. Wankan gawar Musulmi da suturta ta da yi mata salla farilla ce ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan kowa, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma babu mazhabar da ta ɗauke wannan haƙƙi saboda mamacin ya taɓa yin zina.

Abin da ya fi wuyar amsawa shi ne fargabar cewa tausayi marar sharaɗi zai rage wa mutane tsoron saɓo. Musulmin Yuganda, waɗanda ba su kai kashi 15 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, sun gwada amsar a aikace. Ƙungiyar likitoci Musulmi ta ƙasar, IMAU, wadda aka kafa a 1988, ta tara malamai a 1989, inda shugaban malaman ya ayyana jihadi a kan cutar, kuma a 1992 ta fara horar da limamai a gundumomin Mpigi da Iganga, ta ba su kekuna domin su riƙa bi gida gida tare da mataimakansu suna bayani kan hanyoyin kamuwa, har da haɗarin amfani da aska ɗaya wajen kaciya. Limaman ba su daina hani ga zina ba, kuma da farko sun ƙi yarda a yi maganar kwaroron roba sai daga baya suka amince da bayaninsa a tsakanin ma'aurata, amma sun raba yaƙi da cuta da yaƙi da mai ita. Dalilin a sarari yake ga duk wanda ya yi aikin: wanda ya san za a tsangwame shi ba zai je gwaji ba, wanda bai yi gwaji ba kuwa zai ci gaba da yaɗawa bai sani ba, ta yadda tsangwamar da ake zaton tana kare al'umma ita ce take ɓoye wa al'umma inda haɗarin yake. Yawan masu ɗauke da ƙwayar a Yuganda ya ragu sosai daga farkon shekarun 1990 zuwa farkon 2000, kuma masana har yanzu suna jayayya kan rabon kowane dalili a wannan raguwa, tsakanin rage abokan saduwa, da kwaroron roba, da yawan mace-mace, da fitowar gwamnatin Yoweri Museveni fili tun 1986. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne tausayin bai jawo ƙaruwar da aka ji tsoro ba.

Matsalar rufin asiri kuwa ba ta warwaru da sauƙi haka ba. Addini ya yi umarni da suturta aibin mutum, ya kuma hana cutar da wani, kuma su biyun suna karo da juna a ɗakin aure, inda sirrin miji yake iya zama ajalin mata. TASO ta zaɓi lallashi, ta riƙa ƙarfafa wa mutum gwiwa ya gaya wa abokin zamansa da kansa, ba tare da ta tona shi ba. Wasu sun wuce nan suka bayyana kansu ga duniya: mawaƙi Philly Lutaaya a 1989, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, da Gideon Byamugisha, limamin cocin Angilika, a 1992, wanda ake ɗauka shi ne shugaban addini na farko a Afirka da ya yi hakan, da Faghmeda Miller a Afirka ta Kudu, wadda ta haɗu da Farid Esack da wasu suka kafa ƙungiyar Positive Muslims a birnin Cape Town a 2000. Farashin bayyanawa bai zama ɗaya ga kowa ba, domin Gugu Dlamini, wadda ta faɗi halinta a kafafen yaɗa labarai a ƙarshen 1998, dukan kawo wuƙa aka yi mata a unguwarsu ta KwaMashu kusa da Durban har ta mutu. Najeriya ta yi dokar hana nuna wa masu ɗauke da ƙwayar wariya a 2014, jihar Kano kuma ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, kuma ta biyun ba za ta yi amfani ba sai ta farkon tana aiki, domin tilasta gwaji a inda sakamako yake iya fita daga asibiti ya shiga unguwa yana kai mutane ga sayen takardar bogi ne.

Zuwan magani ya sauya fuskar tambayar. A 1996 aka tabbatar da haɗin magungunan da yake danne ƙwayar har ta kasa karya garkuwa, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, har sai da kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da shi a kan dala 350 a 2001. Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya fara aiki a 2002, Amurka kuma ta ƙaddamar da shirin PEPFAR a 2003 da alƙawarin dala biliyan 15 cikin shekara biyar. TASO ta fara raba maganin a 2004, ma'aikatanta suna hawa babura suna kai wa majinyata har ƙauyukansu, cibiyoyinta suka kai 11 a faɗin ƙasar, ƙungiyar da aka kafa domin taya mutane mutuwa cikin mutunci ta koma mai taya su rayuwa. Yanzu an tabbatar cewa mai shan maganinsa a kan kari har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya harbar abokin aurensa, kuma mace mai ɗauke da ita tana iya haihuwar lafiyayyen jariri. Hujjar azaba ta ƙara rauni da wannan, tunda babu mai cewa ana saye sassaucin uƙubar Allah a kantin magani, amma sai wata tambayar ta taso wadda ta fi ta farko nauyi a kan masu addini. Idan kula da majinyaci farilla ce ta kifaya, to shekara ashirin ke nan masu biyan haraji na wasu ƙasashe ne suke sauke kaso mafi tsoka na wannan farilla a madadin al'ummomin da majinyatan suke cikinsu, waɗanda suke da zakka da waƙafi da baiko, suke kuma da ƙarfin gina manyan wuraren ibada.

Haɗarin wannan dogaro ya fito fili ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta ba da umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kuma ko da yake an sassauta umarnin daga baya game da magungunan ceton rai, ayyuka da dama sun tsaya a Yuganda da Najeriya da sauran ƙasashe, hukumar USAID mai raba tallafin ma an rufe ta a cikin shekarar. Kusan mutum miliyan 1.5 ne suke ɗauke da ƙwayar a Yuganda, a Najeriya kuwa sakamakon binciken ƙasa da aka bayyana a 2019 ya ƙiyasta miliyan 1.9, kuma maganin kullum ake shan sa har ƙarshen rayuwa, wanda ya yanke kuwa ƙwayar takan farfaɗo a jininsa cikin 'yan makonni.